Hoton da Inna ta ce in goge

"Goge shi, a rufa asiri," in ji Inna, tana miƙo mini wayar yayata Hadiza.

Wani ne ya ɗora fuskar Yaya a jikin wata mata tsirara, ya watsa a WhatsApp. Kwana biyu ta kasa fita ko rijiya.

Ni da ba na iya haɗa ido da baƙo, na ce, "Inna, in na goge, me za mu nuna wa jandarma? Na ji a rediyo akwai doka. Mai watsawa ne mai laifi, ba Yaya ba."

Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta jawo hijabinta. "To tashi mu je Tanut, ke za ki yi musu bayani."

Na kuwa yi, muryata ba ta yi rawa ba.

Da ku ne, za ku goge?