Wadda Ta Ɗumama Bakwainin Balki

Jama'a, ni ba mai yawan labari ba ce, aikin jinya ya cinye mini baki da ƙafa tun da daɗewa. Amma wannan abu ya daɗe yana ci na, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunsa a gabana ya faru, da rana tsaka, ba mafarki ba, ba kuma ji na yi a bakin wani ba.

Lokacin ina aikin karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti cikin ƙasar Sabon Birni, ba za ni faɗi sunansa ba. Shekarun nan ne da hanya ta fara lalacewa da rashin tsaro, ma'aikata sunka yi ta neman canjin wurin aiki ɗaya bayan ɗaya, har ɓangaren mata ya koma ni kaɗai, ni ce mai awo, ni ce mai karɓar haihuwa, ni ce mai ɗinki, ni ce mai kula da jarirai, wani lokaci har goge jini a ƙasa ni ce. Ga damina ta yi nisa, ana marka, sai a kwana biyu ba a ga rana ba. Wallahi akwai ranar da na tsinci kaina ina barci a tsaye da safar hannu a hannuna.

To, a wata safiya anka kawo mini wata mata daga wani ƙauye wajen Burkusuma, bisa babur, an sa ta tsakanin wan mijinta da uwar mijinta, duk sun jiƙe sharkaf. Sunanta Balki. Haihuwar fari ce, bayan shekara shida da aure tana jira, mijin kuma yana can Nijar wajen fatauci. Da cikin ya kai wata tara da tuni an kai ta gidan iyayenta a ƙasar Isa ta haihu can kamar yadda aka saba, to wata bakwai ne naƙuda ta taso, shi ya sa uwar miji ce a kanta, wata tsohuwa siririya mai tari, ana ce mata Inna Tumba.

Kafin hantsi ya ɗaga ta haihu. Mace, bakwaini, kilo ɗaya da rabi ba ta kai ba, tafin hannuna ya rufe bayanta duka. Na share mata hanci da baki, na murza bayanta, ta yi wani ɗan kuka kamar na ɗan kyanwa. Wanda ya san aikin ya san abin da ke kashe bakwaini da sauri shi ne sanyi. Muna da kwalbar da ake sa jarirai, amma ta mutu tun kafin in zo, takardu muke ajiyewa a ciki. Abin da ya rage shi ne goyon ƙirji: a tuɓe jariri, a manna shi a ƙirjin uwa fata da fata, a ɗaure da zani, jikinta ya zama masa wuta.

Na kai su ɗan ɗakin gefe mai gado guda da labule, na ce Balki ta buɗe ƙirji. Sai ta juya fuska bango. Na sake faɗa, ta ja lulluɓi ta rufe kai. Kunyar ɗan fari! Kun san dai yadda take a ƙauyukanmu, mace ba ta ɗaukar ɗanta na fari a gaban manya, ba ta kallonsa, ba ta faɗin sunansa, balle a gaban uwar miji, balle a ce ta tuɓe ta rungume shi. Ni kuwa kwana biyu ban runtsa ba, haƙurina ya ƙare ƙaf. Na ɗaga murya, na ce kunyar banza da wofi, in yarinyar nan ta mutu ke kika kashe ta. Allah Ya yafe mini wannan magana.

Abin da ta ce kawai, a hankali, ta cikin lulluɓi: "Malama, Inna na nan."

Ko da hankalina zai kai ga in fitar da tsohuwar, ban samu zarafi ba, don a lokacin na ga jini ya ɓalle mata har yana ɗiga ƙasa. Na yi allura, na murza mara, na sa ruwa, na yi duk abin da na sani, jini ya ƙi tsayawa. Mu ba mu da jinin ƙari. Anka samo mota, wan mijin ya tafi da ita asibitin Isa. Jaririyar ba za ta iya hanya cikin wannan ruwa ba, sai anka bar ta da ni da Inna Tumba. Har anka sa Balki a mota ba ta waiwayi ɗakin ba. Bayan tafiyarsu ruwa ya ƙara ɓarkewa, gulbi ya cika ya yanke hanya, waya kuma dama babu sabis, shiru kake ji.

Nan wahala ta fara. Tsohuwa ba za ta yi goyon ba, jikinta ba ɗumi, ga tarin da ban yarda da shi ba. Na jera kwalaben ruwan zafi naɗe da tsumma, na samu wata mai jego tana tatso mana nono ina ɗura wa yarinya da ɗan cokali. In na samu sarari ni nake ɗaure ta a ƙirjina, to ina sararin? Da na zauna sai a ƙwala mini kira wata ta zo da naƙuda. Duk awa biyu ina auna zafin jikinta ina rubutawa a kati, kullum talatin da biyar, wani lokaci ƙasa da haka, ƙafafunta sanyi ƙalau. Na riga na ƙudurta a raina ba za ta kwana uku ba.

Washegari bayan azahar, tsohuwa ta fita alwala da salla, ni kuma na gama yi wa wata ɗinki, bayana kamar zai tsinke. Na ɗaga labulen ɗakin gefe. Sai ga Balki zaune bisa gado, ta ba ƙofa baya, fuskarta a bango, ta yi ɗaurin ƙirji, ina hango ƙeyar yarinyar ta gefen hammatarta. Wallahi ko gezau ban yi ba. Gajiya ta hana ni mamaki, na ɗauka an ƙara mata jini sun samu hanya sun dawo. Har na ce mata, to sai yanzu kika ga dama ke nan, sannu. Lulluɓi kawai ta ƙara ja. A lokacin anka kira ni, na saki labule na tafi.

Da na dawo na ishe tsohuwa zaune bisa tabarma tana jan tazbaha, yarinya kwance a gado cikin tsummanta. Na taɓa ta, ɗumi har tafin ƙafa. Na auna, talatin da shida da rabi har da ɗoriya. Na ce alhamdulillahi, Inna, ina Balkin ta shiga? Tsohuwa ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Balki tana Isa mana, Malama." Na ce a raina to shi ke nan, rashin barci ya fara taɓa mini kai, na je na watsa ruwa a fuska.

Kwana na uku ruwa ya janye, wan mijin ya dawo. Tun daga yadda ya jingine babur na gane. Ya ce ai ba su ma isa Isa ba, a hanya Balki ta cika, tun ranar farko kafin la'asar, an yi mata sutura a gidan iyayenta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsohuwa ta rufe fuska da gyale, ni kuwa na zauna a dakali.

Da na ɗan dawo hayyacina na ɗauko katin yarinyar, rubutun hannuna ne, ba wanda ya taɓa shi. Na bi shi layi layi. Awon da na yi tsohuwa na zaune a ɗakin tun da daɗewa, ƙasa yake. Wanda na yi bayan ta dawo daga salla ko neman abinci, ya hau. Tun daga la'asar ɗin ranar farko haka yake tafiya, ban lura ba.

Ku ce mini duk abin da kuka ga dama, ni dai ga abin da na yi. Ban kira malami ba, ban gaya wa kowa ba. Tsoro kam ina ji in na doshi ɗakin, amma ina da jaririya da ke mutuwa da sanyi, kuma hannuna biyu ne. Sai na shiga ƙirƙiro wa tsohuwa aike. Inna, je ki dafa ruwan kwalabe. Inna, je ki wanke tsummoki, ki tsaya har su sha iska. Inna, tarin nan naki, je ki zauna a rana. In ta fita sai in kwance yarinya daga tsumma, in ja labule ruf, in yi gaba abina ba waiwaye. Ban ƙara leƙawa ba, Allah Ya sani ba ni da wannan ƙarfin hali. Sau ɗaya dai, ina sakin labule ban kai taku uku ba, na ji gadon ƙarfen ya yi ƙara irin ta in mutum ya zauna. Na ƙara sauri ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Haka munka yi kusan sati uku. Yarinya ta fara cika, fata ta daina yamushewa, kuka ya yi ƙarfi, ta fara riƙe ɗumin jikinta da kanta. Ni kuwa na rame, ko an ce in kwanta barcin ba ya zuwa.

Ranar sallama, uban ya dawo daga Nijar yana jira a waje da babur. Na ga ya kamata in nemi gafarar tsohuwa, na ce Inna ki yafe mini, na yi ta wahalar da ke da aike kamar ba uwata ba. Sai ta yi ɗan murmushi, ta ce:

"Malama, ke kina tsammanin ban sani ba? Tun ranar da anka tahi da ita, na dawo daga alwala na hange ta ta taga. Sai na koma gindin icce na zamna cikin ruwa har ta gama. Matar ɗana ta, kunyata taka ji, in ina ciki ba ta shigowa. Ko ba ki aike ni ba ni hita za ni yi."

Ta kwantar da yarinyar bisa gado, ta kama hannuna ta jawo ni waje, ta ja labule da kanta, munka tsaya ni da ita mun ba ƙofa baya kamar minti goma. Sannan ta yi gyaran murya, ta yi sallama, ta shiga ta ɗauko jikarta. Da za ta hau babur na ce Inna, a kula da sanyi fa, har yanzu ƙarama ce. Ta gyara goyo ta ce, "Kak ki damu, Malama. Can gida ma na san lokacin hita."

Ban ƙara ganinsu ba, ba da daɗewa ba nima anka canza mini wurin aiki. Har gobe ban san mene ne na gani ba, ban kuma tambayi kowa ba, Allah Shi ne Masani. Amma ku 'yan'uwana masu wannan aiki, da ku iyaye masu raka haihuwa, in kunka ga mai haihuwar fari ta juya wa ɗanta baya, don Allah kar ku yi mata tsawa irin tawa. Ku fitar da manya daga ɗakin, ku ja mata labule, ku bar ta ta rungumi abinta tun tana da rai.