Ranar da Aka Aro Benci

Abubuwa da yawa sun shige mini na shekarun da na yi a bakin aiki, amma Larabar da aka aro benci a makarantarmu ba ta taɓa fita a raina ba. Ku da kuka zo bayanmu ku saurara, don irinta za ta sake zuwa.

Ni mai shara ce a wata firamare ta gwamnati a nan Tudun Wada, har na yi ritaya. Ga wanda bai san tsarin ba, hedimasta ne a sama, sai mataimakinsa, sai malaman da ƙaramar hukuma ta ɗauka. A ƙarƙashinsu akwai malaman sa-kai, waɗanda ba su da takardar ɗauka, ƙungiyar iyaye ce ke ɗan ba su na sabulu in an samu. Daga nan sai mu, ni da maigadi. A takarda aikina tsintsiya ne. A zahiri ni ce mai tare makararru a ƙofa, ni ce mai raba faɗa, ni ce mai wanke wanda ya ɓata wando, kuma duk yaron da ya ga na ɗaga tsumagiya ya san ba wasa na zo yi ba. Ban yi boko ba, amma wanda yake share aji kullum ya san inda ake karatu da inda ake zaman jiran ƙararrawa.

Malama Bilkisu tana cikin 'yan sa-kai. Ta gama kwalejin malamai ba ta samu aiki ba, sai hedimastanmu Malam Shehu ya ce ta zo ta riƙe aji uku. Abokin mahaifinta ne, a hannunsa ma ta yi firamare. Ajin nan ba mai son sa. Yara sun cika shi har bakin ƙofa, babu benci ko ɗaya, rabinsu da kayan gida suke zuwa.

Ita kuwa sai ta mai da ƙasan ajin allo. Ta raba yaran ƙungiya-ƙungiya, su zauna su kewaye juna, ta zuba musu marafan kwalba da take tsintowa a shagunan lemo, da su suke lissafi. Rubutu kuma da gawayi a kan siminti. Tana da wata waƙar ƙirga da take buɗe darasi da ita, tana bayarwa suna amsawa. Da farko ba mu shirya da ita ba.

Na ce, "Malama, bolar unguwa kika kwaso mini cikin aji?"

Ta ce, "Inna Asabe, ki yi haƙuri, ki bar mini wannan ajin ni zan riƙa sharewa."

Na ce, "A'a. Riƙe allinki in riƙe tsintsiyata."

Ba a jima ba na ga yaran da na sani ba su iya ƙirga yatsunsu ba suna gardamar lissafi a bakin famfo. Daga nan ni da kaina nake tara mata marafan a leda.

A shekararta ta biyu ne ta nemi shiga wani shiri. Yadda ta yi mini bayani, wata ƙungiya ce take zaɓen matasan malamai daga makarantun da ba su da galihu, ta horar da su, ta riƙe su na shekara biyu suna koyarwa a inda suke. Masu nema da yawa, waɗanda ake ɗauka kaɗan. Sai ka cike takarda ta waya, ka yi jarrabawa a kwamfuta, wanda ya haye a kira shi Kaduna a yi masa tambayoyi baki da baki. Duk ta wuce waɗannan. Na tuna ranar da ta dawo daga jarrabawar da aka yi a unguwar Kongo, ko mayafi ba ta gyara ba ta zo ta same ni ina kwashe shara, tana ba ni labari kamar ni ce uwarta. Saura mataki ɗaya, shi ne mutanen shirin su zo har ajinta su ga yadda take koyarwa.

Kuma ba abin wasa ba ne a wurinta. Tun rasuwar mahaifinsu yayanta ne ke riƙe da gidan, ya kuma samo mata aiki a wata makarantar kuɗi a Hanwa. Ya ce mata in wannan shirin bai yiwu ba, ƙarshen zango za ta bar aikin sa-kai. Ba mugu ba ne, nauyi ne ya yi masa yawa.

Ana gobe baƙin za su zo, bayan an tashi yara, sai na ga masu turin kura suna shigowa da bencina masu sheƙi. Malam Shehu ne ya aro su daga Islamiyyar bayan layinmu. Ya sa aka shafe allon da baƙi, aka wanke rubutun gawayin nan tas. Ya kuma ce gobe yaran da suke da cikakken yunifom ne kawai za su shiga, a cike gurbi da masu ƙoƙari daga aji biyar. Sauran kuma ni zan tsare su a tsohon ajin da iska ta yaye wa rufi, can bayan ginin, har baƙi su tafi.

Ku sani wannan ba sabon abu ba ne. Haka muke yi duk sanda masu duba makarantu za su zo daga ofis, kuma ni ban taɓa ganin laifinsa ba. A gidan da na tashi, ko tukunya ba ta hau wuta ba, baƙo ba zai gane ba.

Malama Bilkisu ta same shi a baranda ina nan kusa. Ta rusuna ta ce, "Baba, sun ce a bar ajin yadda yake. A Kaduna ma na gaya musu yadda muke zama a ƙasa."

Ya yi dariya ya ce, "Haka kowane baƙo yake cewa. In baƙo ya ce kada a wahala a yi masa girki, sai ki bar shi da yunwa?"

"Baba, su abin da suke nema ke nan, makarantar da ba ta da..."

"Bilkisu, tun ba a haife ki ba nake karɓar masu duba makaranta. 'Yar aminina ba za ta tsaya gaban mutanen Kaduna yara na birgima a ƙasa ba. Je ki gida ki huta."

Ta ce, "To, Baba." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta ɗauki ledar marafanta ta saka a jaka.

Washegari da hantsi baƙin suka iso, su biyu. Wata mata ce babba mai gilashi, ana ce mata Hajiya, da wani saurayi mai riƙe da takardu. Ni ina can baya da yarana, na zaunar da su a inuwar bango, na ce duk wanda ya yi tari sai na ci masa. Akwai taga a bangon da ke tsakaninmu da ajin, ta nan nake hango abin da ake yi.

Tun farko na san abin bai hau ba. Benci ya cinye filin, babu inda za a zauna a kewaye, babu inda za a zuba marafai. Ta tsaya a gaban allo kamar kowane malami. In ta yi tambaya, kafin ta rufe baki 'yan aji biyar sun amsa, don sun wuce wurin tuntuni. Ba wanda ya yi kuskure balle ta gyara masa. Hajiyar ta yi ta kallo, ba ta rubuta komai ba. Na ga Malama ta share zufa da bakin mayafi, ta rasa inda za ta kama. Sai ta koma ga abin da ta saba, ta ɗauko waƙar ƙirgan nan.

'Yan aron da ke kan benci ba su san ta ba. Nawa na bayan bango kuwa, suna jin muryar malamarsu suka amsa gaba ɗaya. Na ɗaga tsumagiya, amma wa zan daka a cikinsu? Ta bayar da baiti na biyu, suka sake amsawa, har da tafi.

Ba a daɗe ba sai ga Hajiya ta zagayo. Ta tsaya ta dube su, wasu ba takalmi, wasu da gawayinsu a hannu don sun ɗauka za a kira su.

Ta ce, "Sannu Inna. 'Yan wane aji ne waɗannan?"

Na ce, "Hajiya, ni shara aka ɗauke ni. Ga hedimasta can."

Ba ta je wurinsa ba. Sai ta kira Malama, a nan gabana, Malam Shehu yana tsaye a gefe ya rasa inda zai sa hannunsa. Ta tambaye ta da Hausa, a hankali, ba faɗa.

"Malama, waɗannan ne yaran da kika ba mu labari?"

"Su ne."

"Wa ya ce a fitar da su?"

Ni na san kalma ɗaya za ta fitar da ita. Malam Shehu ma ya sani, na ga ya buɗe baki. Amma ta riga shi.

Ta ce, "Ajina ne, Hajiya. Duk abin da aka yi a cikinsa da sanina aka yi."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Ta sunkuyar da kai. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba za ta nuna dattijo da yatsa a gaban baƙi ba, balle wanda ya zame mata uba. Malam Shehu ya matso ya ce shi ne ya ba da umarni, a ɗora masa. Hajiya ta ce ta gode da ya faɗa. Ta ce amma inda suke sa malamansu kullum akwai babba da zai ce a yi kaza, su kuma suna neman wanda zai iya tsayawa a kan yaransa. Ta ce akwai wata makarantar da ke jiransu kafin azahar. Ko ruwan da aka kawo musu ba su sha ba.

Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo wayarta, ba a ɗauke ta ba. Ba ta yi kuka a makaranta ba. Ta koyar har ranar hutu, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta yi sallama. Malam Shehu har gida ya bi ta, ya roƙi yayanta a ƙara mata shekara ta sake nema. Yayan ya ce ya riga ya ba mutanen Hanwa magana. Daga ranar ban ƙara jin dariyar Malam Shehu a baranda ba har aka yi masa canji. Ajin kuma aka haɗa shi da na wani malami, aka koma maimaita abin da ke kan allo.

Bara na gamu da ita a Kwangila muna jiran mota. Ta yi ƙiba, ta yi aure, ta durƙusa ta gaishe ni a bakin titi kamar da. Sai ta shiga tambayata yaran, da sunayensu. Na gaya mata gaskiya. Kaɗan sun wuce sakandare. Wasu suna gareji, wasu suna talla, wasu ban san inda suke ba. Ta ce, "Allah Ya raya su." Motarta ta zo ta shiga.

Na daɗe ina juya abin nan. Ban ga mugu a cikinsa ba. Malam Shehu so ne ya sa shi, ita kunya ce ta hana ta, Hajiya kuma aikinta ta yi, ko da yake har gobe ina ganin da ta zauna na ɗan lokaci ta ce a kwashe bencin a sake darasin, da ta ga abin da ta zo nema. Abin da na fahimta game da aikinmu shi ne, mun saba rufa wa makaranta asiri har ba ma bambanta wanda ya zo kama mu da laifi da wanda ya zo taimako. Mu ɓoye rashin da safe, da yamma mu zauna muna cewa an manta da mu.

Ku manyan, in ƙaramin ma'aikaci ya rusuna ya ce muku ba haka aka ce a yi ba, ku tsaya ku ji. Sau ɗaya zai faɗa. Tarbiyyar da kuka ba shi ba za ta bar shi ya maimaita ba.