Jimlar da Uwani Ta Ƙi Karantawa

Malama Rahila ta zo Sakkwato daga kudancin Zariya a shekarar da gwamnatin soja ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare kyauta. Kuɗin fetur sun gina azuzuwa, malamai ne babu. Shi ne aka kwaso mu matan aure masu ɗan ilimi, aka zuba mu a wani aji kusa da Ƙofar Atiku, aka ce ta koya mana Turanci cikin wata tara, mu fito malamai. Wadda ta faɗi jarrabawar baki, sai gida.

Gajeriya ce, ga faɗa kamar barkono. Mijinta Markus kafinta ne, shi ke kawo ta a keke, tun ba ta gama sauka ba take tambayar aikin jiya. Ni Bara'atu na sha faɗa a kan "go" da "goes" har na ji na tsani Turancin. Amma in kin dace, sai ta tafa miki kamar ita aka yi wa albishir. Shekara ashirin ta yi a garin nan, ban ji wadda ta riƙe ta a zuci ba.

Uwani ta fi mu duka kai. Daga Dundaye take takowa, kuma aikin nan take nema ido rufe, don maigidanta ya daɗe a kwance. A rubuce ba ta faɗuwa. Sai dai Malama na da wata jimla da take ji da ita wajen koyar da "who": Ibrahim, who sells cows, goes to the market. Duk ranar da karanta ta ya faɗo kan Uwani, sai ta sunkuyar da kai, ko uffan. Sau uku ana haka. Malama ta ce in aka kuma, ba za ta sa ta cikin masu jarrabawa ba.

Duk mun san dalili, nauyin baki ya hana mu faɗa. Ni da bakina ba linzami, na tare ta a ƙofa.

"Malama, ba rashin sani na ba. Sunan ɗanta na hwari kinka rubuta, mu nan ba mu hwaɗinai. Kuma yaron ya rasu bara, ƙyanda ta ɗauke shi."

Malama ta ce, "Shi ne ba wadda ta gaya mini?"

Washegari ta shigo da kundinta, duk inda sunan yake ta soke. Ta ce kowace ta raɗa mata sunan da maƙwabciyarta ba ta faɗa, na miji ko suruki ko ɗan fari. Sunaye suka kusa ƙare mata. Mani da Aƙilu kaɗai suka tsira, su suka yi ta sayar da shanu har ƙarshen zango.

Ranar jarrabawa Uwani ta karanta jimla goma, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ta fito ta durƙusa za ta yi godiya, Malama ta yi maza ta ɗago ta. Ina nan tsaye, wallahi sai da na yi ƙwalla.

"Tashi, 'yar'uwa, ni ce zan roƙe ki gafara," in ji Malama. "Nawa na fari yana kwance a Kafanchan. Shekara shida ban iya rubuta sunansa a allo ba, na zo ina tilasta miki faɗin naki."