Rifkatu da Kuɗin da Suka Tsallaka Iyaka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rifkatu, kuma har yau a unguwarmu ta Lokuwa akwai waɗanda ke sunkuyar da kai in an ambace ta. To, su ci gaba da sunkuyawa, ni ba zan daina ambatonta ba.

Jami'ar bincike ce a wata hukumar yaƙi da almundahana. Bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira, an tara gudummawa don a sake gina wa zawarawa rumfunansu na kasuwa. Wani attajiri da aka damƙa wa amanar ya sayi shanu da kuɗin, aka kora su ta Sorau zuwa Kamaru. Can aka sayar, kuɗin suka dawo masa da sunan ribar fatauci. Rifkatu ta bi sawu har bakin iyaka, nan ikonta ya ƙare. Ta nemi takwarorinta na can su ba ta bayanan asusunsa. Buƙatar sai ta je Abuja, ta je Yawunde, alhali ɓarawon kan ƙetare rafin iyaka a babur ya dawo kafin azahar.

Dattawa suka zo wurin mahaifinmu, wai ya ja mata kunne, tana tona asirin ɗan gari a gaban baƙi. Ta durƙusa ta ce, "Baba, zawarawan nan ma 'yan gari ne." Aka yi mata canjin wurin aiki, ciwon hawan jini ya ɗauke ta, amsar Kamaru ba ta iso ba.

Yanzu hukumomin ƙasashe suna musayar bayanai kai tsaye, sun gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bara bayanan suka zo, mutumin yana gaban kotu. Da tana raye, na san ba za ta yi guɗa ba. Tambaya za ta yi: ina rumfunan? Har yau a ƙasa matan suke kasa tumatir.

Masu cewa wannan musaya cin amanar ƙasa ce, su je kasuwa su faɗa wa matan nan ido da ido.

Rifkatu ba ta bar gida ko mota ba. Taurin kai ta bar mana, kuma ranar da za a ci gaba da shari'ar, ni da zawarawan muna bencin gaba.