Gwaggo Mai Buntu da Ruwan Marina

Kafin in buɗe shagon ɗinkina da safe, Gwaggo Mai Buntu ta riga ta wuce tana tura baronta. Sai ta biya injin casar shinkafa ta kwashi buntu, ta tsaya wajen mai shayi ta karɓi ɓawon ƙwai, kafinta kuma ya tara mata garin katako. Abin da kowa ke neman inda zai zubar shi take bi tana nema. Daga nan sai bayan marina, inda durorinta suke jere, kowanne ya ɗan fi na gabansa tudu.

Mu 'yan layin nan mun san yadda kwatarmu take a da. Yau ja, gobe shuɗi, jibi wani launi da ko ni mai sana'ar yadi ban san sunansa ba. Ruwan yana gangarawa rafin da wani dattijo ke ban ruwan lambunsa, har shukarsa ta bi ta ƙone. Ya kai ƙara, hukuma ta ce ko a gyara ruwan ko a rufe marinar. Injin tacewa ya fi ƙarfin masu rini, ga gidaje da yawa da rinin nan suke ci.

Gwaggo ta daɗe tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta, can ta ga yadda launi ke maƙalewa a jikin irin waɗannan tarkace. Ta huda durori, ta shimfiɗa tsakuwa da yashi, ta zuba wankakken buntu da dakakken ɓawon ƙwai da gawayi. Ruwa ya shiga na farko baƙi wuluk, ya fito ta na ƙarshe kamar ba shi ba.

Babban mai rinin ƙanenta ne. Da ya gan ta da baro sai ya ce, "Yaya, ke da girmanki ki koma kwasar bola?"

Ta ce, "Kai ka ɓata, ni in gyara. Haka muke tun kana rarrafe."

Abin bai tafi sumul ba. Buntun da ya sha launi ya ƙoshi, masu rini suka riƙa jibge shi a bakin kwata, a ganinsu aikinsa ya ƙare. Ruwan sama na farko ya wanke shi, duk launin da aka tara ya koma rafi a yini guda. Na gan ta da idona ta gangara lambun, ta tarar da dattijon yana tsince yabanyarsa da ta mutu. Ba ta ɗora wa kowa ba. Ta durƙusa ta ce, "Baba, laifinmu ne. Ka ƙara mana haƙuri." Ta dawo ta kafa rumfa, tun daga ranar ake shanya tsohon buntu a ciki, masu bulo su zo su kwaɓa shi da siminti.

Gwaggo, ke ce kika hana a kulle ƙofar da mutane ke ci. Ke ce kike tare duk wanda ya kawo kofi, kina cewa, "Ya yi fari dai, amma ba na sha ba ne." Ni na yi miki dariya a farko, yanzu kuwa kunyarki nake ji, kuma ina ƙaunarki har zuciya. Allah ya saka miki da alheri.

Yanzu gwiwa ta ƙi, ƙarshen watan nan za ta ajiye baro. Buntun durori kuwa ba ya canja kansa. Jiya dattijon ya zo shagona ɗinke aljihu, na tambaye shi yadda za a yi idan durorin suka tsaya. Ya ce, "Ba zan sake kai ƙara ba, ɗana, na tsufa. Lambun kawai zan bari."

To, jama'ar layinmu, kun ji. Godiyar da za ta karɓa ita ce wani ya kama baron nan. Ni na ɗauki safiyar Asabar, sauran kwanakin suna jiranku.