Shafin da Na Kasa Rubuta wa Zainab

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce muku komai ba. Masu tambayar shinkafa, ku yafe ni, jinya nake.

Rubutuna a hankali yake, sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ku yi haƙuri da ni.

Ƙullutu ne ya fito min a nono lokacin dashen shinkafa. Ba ya ciwo, sai na share. Na sha jiƙo, na shafa mai. Da ya fara ruwa aka kai ni asibiti a Kura, suka tura mu Kano.

Layi tun asuba. Hoto, ɗibar jini, aka yanki tsoka aka kai gwaji. Sankara ce. Aka cire nonon, aka yi ta sa min ruwan magani har gashina ya zube. Awakina duk sun tafi a kan magani.

Bayan Sallah likita ya duba sabon hoto, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ta shiga hanta da ƙashi. Abin da ya rage mana shi ne mu rage miki ciwo."

Na gaji, wallahi. Amma mutuwar ba ta tsorata ni kamar Zainab ba, babbar 'yata, shekararta sha shida. Na hana kowa ya gaya mata.

Sai na sayi littafi na fara rubuta mata komai a ɓoye. Yadda ake jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, yadda ake shanya ta, abin da ke tayar wa ƙanwarta tari. A wuri ɗaya na maƙale: yadda ake gane shinkafa ta turaru. Ni da hanci nake ganewa, da yatsu biyu. Kwana uku ina rubutawa ina gogewa.

Ran nan da hantsi ta shigo da littafin a hannunta.

"Umma, nan kin bar shi fari."

"Wa ya ba ki?"

"Wa ke share ɗakin nan? Kina rubutawa ina bin ki a baya."

Na ce, "Ashe kin sani?"

"Tun ranar da Baba ya dawo daga Kano ya kasa cin tuwo. Ki tashi ki nuna min, Umma, tun kina iyawa."

Ta ajiye min kujera a gefen murhu. Tukunyar farko ta dafe kamar za a tuƙa tuwo, na yi mata faɗa, ta ce, "Ashe da sauran ƙarfinki!" Ta uku kuwa, ta ɗaga buhun da aka rufe tukunyar da shi, ta shaƙi tururin, ta matse ƙwaya ɗaya. Da kanta ta janye wuta.

Ban warke ba. Na karɓi abin da Allah ya rubuta, kuma yanzu ina samun barci.

Na gode wa mijina, da ma'aikatan jinya, da maƙwabtan da ke kawo kunu. Wanda na ɓata wa ya yafe min.

Mata, in kun ji ƙullutu ku je asibiti, ko ba ya ciwo. Kuma kada ku ɓoye wa 'ya'yanku, kwanakin da za ku zauna tare kuke ɓarnatarwa.

Masu son shinkafa, ku nemi Zainab.