Ba Ƙari, Pandit-ji

Basharat Miyan mai goga sarangi ne, wani irin goge, a birnin Banaras, kuma tun yana saurayi yake zaune gefen mawaƙi guda, Pandit Tribhuwan. Aikinsa bin murya: inda ta hau ya hau, inda ta sauka ya sauka, har gindin farcensa ya yi kanta saboda tsirkiya. Ba ƙauna ce ta haɗa su ba, wallahi. Pandit bai taɓa kiran sunansa ba, sai "kai mai goge". Shi kuwa Basharat, a bayan ido, "tsohon bunsuru" yake ce masa.

A waƙar Bhairav, wadda ake rerawa da sassafe, akwai sautin da ba a tsayawa cak a kansa. Lilo ake yi da shi a hankali, kamar jijjiga jariri. Andolan ke nan, kuma da shi Pandit ya yi suna. To, tsufa ya zo, lilon ya koma karkarwa. Basharat ya riƙa ɗaga sautin sarangi daidai wurin yana rufa masa asiri, ba don Allah ba, don ya san in Pandit ya faɗi, tare za su faɗi.

Ran taron shekara a bakin kogi, Pandit ya tofar da jan yawun paan, ganyen da suke taunawa kamar goro, ya dubi Basharat gaban manyan baƙi.

"Kai mai goge, kana danne mini murya. Abin da na rera shi za ka goga, ba ƙari. Ko kurumta ce ta fara?"

"To, Pandit-ji. Ba ƙari."

Zuciyar Basharat tafasa take. Da aka zo wurin lilon, muryar ta kama rawa kamar ta mai jin sanyi. Basharat ya ɗauke hannu ya bar ta tsirara, sannan ya maimaita karkarwar nan tsaf, bai rage komai ba. Masu yabo da "wah, wah" suka sunkuyar da kai. Pandit ya ji kansa da kunnensa, ya ɗaga hannu ya tsayar da mai kaɗa gangar tabla.

Ba a sake gayyatar Pandit ba. Basharat ya ji daɗi, amma na kwana biyu. Matasan mawaƙa suka ce Allah ya tsare su da zama gefen mai tona asirin mawaƙinsa, akwatin kiɗan harmoniya ya ishe su.

Yanzu a shagon shayi ɗaya Pandit da Basharat suke wuni, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. In Pandit ya yi gyaran murya, har yau sai yatsun Basharat sun motsa. Sai ya ja tsaki, ya cusa hannun a aljihu.